Jifan Da Zayyanu Bai Yi Ba

Ranar da ƙwayar ludon marigayi Zayyanu ta fara juyawa da kanta, matarsa Bara'atu tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, rana ta take tsaka. Ta ji ƙaras-ƙaras daga ɗaki, ta ɗauka ɓera ne. Da ta leƙa sai ta ga ƙwayar tana wulwulawa a cikin farantin da ke kan durowa, babu hannun kowa a kusa. Ta yi salati, ta dafe ƙyauren ƙofa.

Ƙwayar nan tana da tarihi a gidan. Zayyanu mai gyaran waya ne a Funtuwa. Tun yana ƙarami ciwon sikila ya hana shi ƙwallo da guje-guje, sai ya zuba son ransa a wasannin waya, irin waɗanda kowane jarumi yake da makinsa: ƙarfinsa kaza, wayonsa kaza. Ita kuwa Bara'atu marubuciya ce, tana rubuta labarai tana tura wa mata a waya suna karantawa. Wata rana ya ce mata, "Matsalar jarumanki ɗaya ce, kina son su da yawa. Kowa ya san ba za ki bari su faɗi ba." Sai ya kawo dabara. Kowane mutum a labari a ba shi maki ashirin, a raba su gida huɗu: ƙarfi, wayo, juriya da sa'a. In haɗari ya taso a jefa ƙwayar ludo, a haɗa abin da ta nuna da makin da haɗarin yake nema. In ya kai goma an tsira. In bai kai ba an faɗi, kuma dole ta rubuta yadda abin ya zo, ba gyara.

Shi yake jifa, ita take rubutu. Haka suka samar da Barmo, jarumin da Zayyanu ya raba wa maki da kansa: ƙarfi bakwai, wayo uku, juriya tara, sa'a ɗaya. Masu karatu suka haukace a kan labarin, don ko marubuciyar ba ta san wanda zai kai gobe ba. Har Inna Tabawa, mahaifiyar Zayyanu, wadda idonta ya yi rauni, kullum bayan la'asar sai ta sa an karanta mata.

A babin ƙarshe da suka taɓa, ruwa ya ɓalle ya afka wa birnin Tsauri. Ƙofar dutse ɗaya tilo da mutane za su bi su tsira ta fara saukowa daga sama, Barmo ya shiga ƙarƙashinta ya tare ta da kafaɗunsa. Saura jifa. Zayyanu ya ɗauki ƙwayar ke nan ciwon ya murɗe masa ƙirji, ya ajiye ta a faranti ya ce, "Bari sai na dawo daga asibiti." Gawarsa aka dawo da ita. Bara'atu ta yi takaba ta gama, ta ƙi komawa gidan iyayenta saboda Inna ba ta da kowa, amma ba ta sake rubuta ko harafi ɗaya ba.

Yanzu ga ƙwayar ta tsaya cak a kan kusurwarta. Wani shuɗin hayaƙi ya fito daga ɗigon da ke jikinta, ya dunƙule ya zama dogon aljani, kansa yana gogar rufi, gemunsa na zaren tagulla, a kowane kunne an rataya masa ɗan ƙaramin sikeli.

Ya ce, "Aminci ga ma'abociyar rubutu. Ni ne Marƙabu ɗan Ƙiyasu, mai tsaron iyakar Ƙasar Awo. Ya ke 'yar Adam, kun bar mana mutum a ƙarƙashin dutse."

Bara'atu ta ce, "Wane mutum?"

"Barmo. Duk wanda aka raba wa maki aka jefa masa ƙwaya, a ƙasarmu yake samun jiki da numfashi. Tun da mijinki ya ajiye wannan ƙwaya, rana ba ta motsa ba a birnin Tsauri. Ruwa na tsaye, mutane na tsaye, dutse kaɗai ne bai daina nauyi ba. Nishin Barmo ya hana jariranmu barci. Mai jifa ya rasu, jifa ya dawo hannunki, kuma ba ya karɓuwa sai a gaban wanda ake yi wa."

"Ba zan iya taɓa ta ba. Hannunsa ne ƙarshen abin da ya taɓa ta."

"Fuskar wa kika ba Barmo sa'ad da kike rubuta shi?"

Fuskar mijinta ta ba shi, har wushiryar da ɗan tabon da ke haɓarsa.

Marƙabu ya ce, "To, fuskar tana can."

Ta leƙa ta taga. Inna tana kan tabarma a inuwar darbejiya tana gyangyaɗi, carbi a hannu. Bara'atu ta yafa mayafinta, ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwayar. Daɓen ɗakin ya tsage, ta faɗa.

Ta dira a cikin farantin wani ƙaton sikeli da aka rataye tsakanin duwatsu biyu. Sikelin ya yi sama ya yi ƙasa, sannan ta ji zafi a tsintsiyar hannunta. Da ta duba sai ta ga ɗigo-ɗigo na haske sun jeru layi huɗu kamar zanen lalle: ƙarfi huɗu, wayo takwas, juriya uku, sa'a biyar.

Marƙabu ya ce, "Wannan ne awonki. Daga nan ke kaɗai za ki tafi, sai a bakin ƙofa za ki same ni, don ni ne shaidar jifa. Ki riƙe doka biyu. Duk jarrabawar da kika faɗi, za a kashe miki ɗigon sa'a ɗaya. Wanda kuwa sa'arsa ta ƙare, ba ya ganin hanyar gida har abada."

Ta kama hanya. Sararin sama kore ne, ciyayi suna kaucewa da kansu kafin ƙafarta ta sauka. Ba ta yi nisa ba ta isa Kogin Madubi, wanda ruwansa fasassun gilasai ne masu gudu suna ƙara kamar ana wasa wuƙaƙe. An ja wata sarƙa daga gaɓa zuwa gaɓa, da ɗan kwale-kwale na ƙarfe a ɗaure. Wata murya ta fito daga ƙarƙashin kogin ta ce, "Mai tsallaka ni da ƙarfinsa yake tsallakawa. Jefa."

Ta jefa a kan dutse. Biyu. Huɗu da biyu shida.

Duk da haka ta shiga ta kama sarƙar tana ja. A tsakiyar kogi sarƙar ta fizge daga hannunta ta yayyanka mata tafi, kwale-kwalen ya kife. Wasu kifaye masu hannun mutane suka yi ta miƙa ta daga wannan zuwa wancan suna ƙyalƙyala dariya, gilasan suna nuna mata fuskarta a kowane ɓari, duk a cikin kuka. Can ƙasa suka wurgar da ita a ɗaya gaɓar. Ta daɗe a kwance. Da ta ɗaga hannu, ɗigon sa'a ɗaya ya mutu, saura huɗu. Ta yage bakin mayafinta ta ɗaure tafukanta, ta miƙe.

Daga nan ta shiga dajin da itatuwansa na baƙin ƙarfe ne, ganyensu yana kaɗawa kamar ƙararrawa. Hanya ɗaya ce siririya, kuma a tsakiyarta wani dodo ya zauna ya cike ta, gwiwoyinsa sun fi rumbu girma. Tana ganinsa ta gane shi. Gundumi ne, dodon da ita da Zayyanu suka ƙirƙira a farkon labarin suna dariya.

Dodon ya shinshina iska ya ce, "Ƙamshin hannun da ya yi ni. Ke ce! Kin ba ni ƙarfi goma, kin ba ni wayo ɗaya. Kowa ya zo sai ya yaudare ni. Tsuntsaye ma yaudarata suke yi. Yau sai na murƙushe ki, ko ki ƙara min wayo."

Ba ta da ikon ƙara masa komai. Ta saki ƙwayar a hankali kusa da ƙafarta. Huɗu. Takwas da huɗu sun wuce goma, nan take dabara ta faɗo mata.

Ta ce, "Ya kai Gundumi, wayo ba ya shiga sai ido a rufe. Rufe idonka ka ƙirga zuwa goma, duk lambar da ka faɗa wayonka zai hau kanta."

Ya rufe idanunsa da tafukansa cikin murna. "Ɗaya. Biyu. Uku." Nan ƙirgen ya maƙale. "Ɗaya. Biyu. Uku." Ita ta rubuta cewa ƙirgensa ba ya wuce uku. Ta raɓa ta ƙarƙashin gwiwarsa ta wuce. Har ta fita daga dajin tana jiyo muryarsa yana komawa farko, daga baya ƙirgen ya haɗu da shessheƙa. Ta tuna yadda Zayyanu ya yi dariya har da riƙe ciki ranar da suka yi wannan dodo, ta toshe kunnuwanta ta ƙara sauri.

A gindin tsaunin da birnin Tsauri yake bisansa, ta tarar da Kasuwar Musaya, inda aljanu suke saye da sayar da maki. A bakin kasuwar akwai jama'a tsaitsaye, waɗanda masu su suka raba wa maki sannan suka watsar da labarinsu. Ga ɗan dambe ya ɗaga hannu bai sauke ba. Ga mace da guga a bakin rijiyar da ba a gama haƙawa ba. Ga wani mai rabin fuska, don marubucinsa bai kai ga siffanta sauran ba. Suna ganin ƙwayar a hannunta suka ɗauki kira, "Mai rubutu! Ki gama ni! Ki gama ni, ko da mutuwa ce!" Ta sunkuyar da kai ta ratsa su.

Ta ɗaga ido ta dubi tsaunin. Tsaye yake kamar bango, kansa ya shige cikin gajimare. Juriyarta uku, ko shida ta jefa ba za ta kai goma ba. Sai wata tsohuwar aljana da ke zaune a gaban jerin kwalabe ta yafito ta. Idanunta a tafin hannunta suke, sai ta ɗaga hannu take kallon mutum.

Ta ce, "Ya ke baƙuwa, kina ɗauke da hajar da ta fi kowace tsada a kasuwar nan. Ki sayar min da baƙin cikinki, in ba ki juriya biyar. Ki hau tsauni da ƙafarki, ki koma gida ki ci abinci ya yi miki daɗi."

Bara'atu ta ce, "In ya tafi, da me zai tafi?"

"Da abin da ya haife shi. Za ki san kin taɓa yin miji, kamar yadda kika san kin taɓa yin firamare. Amma muryarsa, da ƙamshin rigarsa, da yadda yake kiran sunanki daga zaure, duk za su koma cikin kwalbar nan."

Bara'atu ta dubi kwalbar. Wallahi ta gaji, ta gaji da farkawa tana laluben gefen gado. Ta miƙa hannu har yatsunta suka taɓa murfin, sannan ta janye.

"Bar min kayana. Shi kaɗai ya rage min."

Tsohuwar ta rufe tafukanta. "To sai ki hau mikiya. Ita kuma sa'a take ci."

Mikiyar tana bayan kasuwa, fukafukanta kamar rumfar biki. Ta sa baki ta tsince ɗigon sa'a ɗaya daga hannun Bara'atu kamar ƙwayar gero, saura uku. Ta ɗauke ta suka keta gajimare mai ƙanƙara, suka wuce wasu tsuntsaye masu kan zaki da suka bi su da cizo, ta sauke ta a kan tsauni a wajen ganuwar Tsauri.

Nishin ta fara ji kafin ta ga komai, nishi mai zurfi da ke sa ƙasa rawa. Sannan ta ga ƙofar: falalen dutse guda, kaurinsa ya kai ɗaki, ya sauko ya tsaya a kan kafaɗun mutum ɗaya. Ta ƙarƙashinsa ana hango mutanen birni cunkus, ƙafafunsu sun kafe a tsakiyar gudu, idanu da baki kaɗai ke motsi. A bayansu ruwa ya miƙe tsaye ya fi ganuwa tsawo, ya lanƙwaso bai zubo ba. Rana tana rataye wuri ɗaya.

Mutumin ya ɗago kai.

"Zayyanu!" Ba ta san lokacin da ta ruga ta zube a gabansa ba. Ga wushiryar, ga tabon haɓa, ga girar nan da ɗaya ta fi ɗaya ɗagawa. Sai dai wannan ƙato ne, damatsansa kamar turmi, idonsa fari tas.

Ya dube ta da idon da bai san ta ba. Da muryar mijinta ya ce, "Baiwar Allah, matsa baya, dutsen nan ba shi da amana. Sunana Barmo."

Ta kifa fuska a ƙasa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Na ga ƙwayar a hannunki. Ina mai ita? Na san hannunsa. In zai jefa min sai ya ɗan hura mata iska, ina jin iskar a bayan wuyana."

"Ya rasu."

Barmo ya rufe ido. "Allah Ya jiƙansa. Na ɗauka fushi ya yi da ni."

Marƙabu ya bayyana a gefen ƙofar, sikelin kunnuwansa suna lilo. Ya ce, "Ya ke ma'abociyar rubutu, jifa biyu ne ya rage. Na farko na juriya, don ya riƙe dutse har mutane su fita. Na biyu na sa'a, don ya zame daga ƙarƙashinsa kafin ya sauka."

Ta fara lissafi da yatsunta masu ciwo. Juriya tara, ko me ta jefa ya wuce. Sa'a ɗaya. Ƙwaya ba ta wuce shida. Ɗaya da shida bakwai. Ta sake lissafawa, ta sake.

"Ba zai fita ba. Ko me na jefa ba zai fita ba." Ta juya ga Barmo. "Zayyanu ya san haka? Ya sani ya sa ka shiga?"

Barmo ya ce, "Wanda ya raba min maki ya iya lissafi. Ni ma da wayona uku na sani kafin in sa kafaɗa."

Ta zabura ta nuna wa Marƙabu hannunta. "A kasuwa na ga ana musayar maki. Ina da sa'a uku. In na ba shi sun zama huɗu, in shida ta fito ya kai goma. Ya halatta?"

"Ya halatta, in mai karɓa ya furta da bakinsa cewa ya karɓa."

Barmo ya ce, "Ita kuma fa, ya kai mai shaida?"

"Hannunta zai yi duhu. Ba za ta sake ganin hanyar gida ba, ko ka fita ko ba ka fita ba."

Barmo ya dube ta. "Akwai mai jiranki?"

Ta so ta ce babu. Bakinta ya ƙi. "Mahaifiyarsa. Ba ta gani sosai. Na bar ta tana barci a tsakar gida."

"To ban karɓa ba."

Ta roƙe shi. Ta yi masa magiya, ta yi masa faɗa, ta ce ita ta rubuta shi, dole ya bi maganarta. Ya ce ta rubuta shi mai taurin kai, ba laifinsa ba ne. Daga ƙarshe ta ƙulle ƙwayar a bakin zaninta ta zauna a ƙasa ta ce, "In haka ne ba zan jefa ba. Sau ɗaya aka ɗauke min fuskar nan, ba zan ba da ita da hannuna ba."

Haka ta zauna. Ba wanda zai iya cewa tsawon wane lokaci, tunda rana ba ta tafiya. Tana share masa gumi da mayafinta, tana tarar ɗigon ruwa daga jikin dutse tana ba shi. Ya tambaye ta labarin Zayyanu, ta yi ta ba shi: yadda yake gyara wayar tsofaffi ya ƙi karɓar komai, yadda yake tsoron allura duk da ya sha ta tun yana goye, yadda likitoci suka ce da wuya ya kai aure, ya kai, har ya yi gardamar launin labulen ɗaki. Barmo ya yi dariya, dariyar Zayyanu sak, dutsen ya motsa, ya yi nishi.

Ya ce, "Juriyarsa nawa?"

"Ba a taɓa auna shi ba."

"Da an auna, da sikelin ya karye. Ni dutse ɗaya na riƙe."

Allah Ya sani, a wannan zama Bara'atu ta ji daɗin da ba ta ji ba tun ranar asibiti. In ta rufe ido ta saurari muryar, sai ta ga kamar suna ɗakinsu.

Daga cikin jama'a wata mata mai goyo, wadda Bara'atu ta rubuta a layi ɗaya tak ba ko suna, ta ɗaga murya. "Ya ke mai rubutu, jaririna ya buɗe baki zai yi kuka tun ranar nan, har yanzu kukan bai fito ba. Ki dubi Allah." Bara'atu ta juya mata baya.

Sai ta dubi Barmo a daidai lokacin da ya ɗauka ba ta kallonsa. Ya ciji leɓensa na ƙasa har jini ya fito, jijiyar goshinsa ta miƙe, ya ɗauke numfashi don kada nishi ya fita. Suna haɗa ido ya saki fuska ya yi murmushi. Ta san wannan murmushi. Shi Zayyanu yake yi mata a gadon asibiti in ciwo yana cin ƙashinsa, ya ce mata, "Da sauƙi." A lokacin babu abin da za ta iya yi masa. Yanzu kuwa maganin yana ƙulle a bakin zaninta, ita ce ta hana.

Ta ce, "Yana yi maka ciwo sosai?"

Wannan karon bai ɓoye ba. "Tun daga ranar farko. Ki yi haƙuri. Na so in ƙara miki lokaci."

Ta kwance ƙullin. Ta kai ƙwayar bakinta ta ɗan hura mata iska. Barmo ya lumshe ido. Ta jefa.

Marƙabu ya ce, "Ɗaya. Tara da ɗaya goma. Ya riƙe."

Rana ta motsa. Ruwa ya yi ruri, jaririn nan ya tsala kuka, mutane suka kwararo ta ƙarƙashin dutse ta dama da hagun Barmo, masu kaya a ka, masu jan makafi, masu ɗauke da tsofaffi a baya. Gwiwoyinsa suka fara lanƙwashewa, ya miƙe su. Mai goyon ta wuce tana yi masa addu'a. Na ƙarshe wani tsoho ne yana jan akuya, akuyar tana tirjiya, Barmo ya sa ƙafa ya tura ta waje. Ruwa ya iso dugadugansa.

Marƙabu ya ce, "Jifa na biyu."

Bara'atu ta miƙa masa hannunta mai ɗigo uku. "Ka ce ka karɓa! Kalma ɗaya ce! Don Allah, Zayyanu, Barmo, ko wane ne kai, ka ce ka karɓa!"

Ya yi mata murmushi, na gaske wannan karon, wushiryar a waje. "Ki gaida tsohuwa. Jefa."

Ta jefa. Ƙwayar ta yi tsalle a kan dutse, ta gangara, ta juya, ta tsaya.

Shida.

Marƙabu ya daɗe yana kallon ƙwayar, sannan ya ce da muryar da ta karye, "Ɗaya da shida bakwai. Bai kai ba."

Dutsen ya sauka har ƙasa. Ruwa ya daki bayansa ya tsaya, ko ɗigo bai fito ba.

Bara'atu ta faɗa jikin ƙofar tana dukanta da tafukanta masu rauni. "Shida ce! Ka gani, shida ce ta fito! Da ka karɓa da ka fita! Da ka karɓa!" Babu amsa sai ƙugin ruwa daga ciki. Mutanen Tsauri suka zagaye ta, maza suka cire huluna, mai goyon ta durƙusa ta riƙe ta ta baya har ƙarfinta ya ƙare.

Marƙabu ya ce, "Tun kafin a gina garinku nake shaidar jifa, ban taɓa ƙin aikina ba sai yau. Taso, 'yar Adam. Sa'arki uku na nan, hanya a buɗe take."

Ta tsinci kanta a durƙushe a ɗakinta, daɓe lafiya lau, ana kiran sallar la'asar. Ta yi sallah a zaune. Sannan ta ɗauki waya ta rubuta babin kamar yadda ya faru, ba ta gyara komai ba, jini yana ɓata gilashin wayar tana gogewa.

Ta fita ta zauna a gefen tabarmar Inna ta ce, "Inna, an gama labarin Barmo." Ta karanta mata tun daga ɓallewar ruwa har saukar dutse. Inna ta lalubo hannun Bara'atu, ta ji tsumman da ke ɗaure da shi, ta ji danshi.

"Ɗiyata, ina kika je?"

Bara'atu ta faɗa mata duka, ba ta rage ba. Ta zaci tsohuwar za ta ce a kira malam ya yi mata tofi. Inna ta daɗe tana jan carbi, idanunta masu hazo suna kallon bango.

"Kin ce fuskarsa ce?"

"Ita ce, Inna. Har tabon."

"Ya rame?"

"A'a. Ƙato ne. Kafaɗunsa sun cika ƙofar gari. Idonsa fari tas, babu rawaya ko kaɗan. Ya tura akuya da ƙafa ɗaya, dutse na kansa."

Inna ta ce, "Ni na haife shi, ban taɓa ganinsa da lafiyar wata guda cur ba." Ta matso, ta ɗora hannun Bara'atu a cinyarta ta riƙe da hannu biyu. "Bar wurin dutsen, na ji shi. Koma baya. Faɗa min yadda ya tsaya."

Bara'atu ta share fuska da gefen mayafi, ta koma baya, ta fara.